Mun Riƙe Kunya, Mun Sallami Ɗan Aike

Kowace al'umma ta duniya tana da labulen da take saki idan yaro ya yi tambayar nan mai sa babba tarin ƙarya, wato: "Daga ina jariri yake fitowa?" Bahaushe, ko a unguwar Turaki ta Jalingo yake, ko a Kano, ko a Maraɗi, amsarsa a shirye take: "Sayo shi aka yi a kasuwa." Da zamani ya juya, haihuwa ta koma asibiti, sai ita ma kasuwar ta tashi ta bi ta, aka koma cewa a wurin likita aka sayo shi. Idan kuwa yarinya ta ga baƙon watanta na farko, sai a ja ta ƙuryar ɗaki a ba ta jimla ɗaya tak: "To, kin girma. Kada ki kuskura ki bari namiji ya taɓa ki, in ya taɓa ki ciki za ki yi." Shi ɗa namiji ko wannan 'yar jimlar ba ya samu. Iyakar karatun ke nan a gidaje da yawa, kuma da shi muke sakin 'ya'yanmu su shiga duniya.

Manufar wannan rubutu ita ce a bi sawun irin wannan sakaya zance, a ga inda ta samo asali, sa'an nan a faɗi gaskiya ko da za ta yi ɗaci: kunyar da muka gada ta kasance tana da ɗan aike mai isar da saƙo, mu kuwa 'yan yau mun riƙe kunyar gam, mun sallami ɗan aiken, muka bar yara da labule wanda babu kowa a bayansa.

Bari mu fara leƙa gidan Bature, tun da akwai masu zaton shi bai san kunya ba. Mutanen Ingila da Amurka, idan uba zai zaunar da ɗansa ya yi masa bayanin saduwa da haihuwa, sai su ce zai yi masa "zancen tsuntsaye da ƙudan zuma". Wasu masu bin diddigin kalmomi suna jingina wannan furuci ga wata waƙa ta Samuel Coleridge ta shekarar 1825, inda ya ambaci waɗannan halittu biyu suna hidimarsu ta shigowar bazara. To amma tushen da ya fi ƙarfi shi ne hanyar koyarwa da ta yaɗu a zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, da kuma shekarun da suka biyo baya. Kafin wannan lokaci masana tsirrai sun riga sun share fage. Camerarius ya tabbatar a 1694 cewa tsirrai ma suna da namiji da mace, Sprengel kuma ya nuna a 1793 cewa ƙwari ne ke ɗaukar garin fure daga wannan fure zuwa wancan. Sai iyaye da malamai masu jin nauyin baki suka sami mafaka: a nuna wa yaro yadda ƙudan zuma ke barbarar fure, a nuna masa yadda tsuntsuwa ke saka ƙwai ta kwanta a kansa, a bar shi ya ƙarasa sauran lissafin da kansa.

Abin dariya a nan, babu halittar da ta kai ƙudan zuma rashin dacewa da wannan darasi. Waɗanda ke yawo kan furanni mata ne ma'aikata da ba sa aure, uwar amya ita ke zuba ƙwan da amya ke rayuwa a kansa, namijin da ya sadu da ita kuwa a nan take yake mutuwa. Wane yaro ne zai fahimci jikinsa daga wannan? A arewacin Turai kuma sai aka ce wani ɗan'uwan shamuwa ne ke kawo jarirai, tatsuniyar da Hans Andersen ya ƙara yayatawa a 1839. Mutanen Faransa suka ce a cikin kabeji ake tsintar 'ya'ya maza. Ashe kasuwar Bahaushe da kabejin Bafaranshe uwarsu ɗaya ubansu ɗaya: babba ne yake gudun nauyin bakinsa, ya laɓe a bayan tsuntsu ko ganye.

Mu dawo gida. Sakayar da ta fi kowace girma a Nijeriya gwamnati ce ta raɗa ta, kuma asalinta a rubuce yake. A 1986 aka ba da sanarwar samun cutar ƙanjamau a ƙasar nan, kuma cikin mutum biyu na farko da aka gano akwai yarinya 'yar shekara 13. Gwajin da ake yi wa mata masu juna biyu a asibitoci ya nuna cutar ta tashi daga kashi 1.8 cikin 100 a 1991 zuwa kashi 5.8 a 2001. Ganin haka Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince a 1999 a shigar da wannan fanni cikin karatun makarantu, aka ɗora wa Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Ƙasa, wato NERDC, alhakin tsara manhaja. Manhajar farko ta fito a 2001 da sunan da ya ambaci jima'i ƙarara. Nan take shugabannin addini, Musulmi da Kirista, suka yi caa. Sai aka koma aka cire wasu darussa, aka ba kowace jiha damar gyara abin ya dace da al'adarta, aka kuma sake masa suna a 2003: Ilimin Zaman Iyali da Cutar Ƙanjamau. Ba a ma ware masa darasi na kansa ba, an dai tsarma shi ne cikin kimiyya da nazarin zamantakewa da makamantansu. Wannan shi ne "tsuntsaye da ƙudan zuma" irin na Abuja.

Duk da haka ƙura ba ta lafa ba. A watan Nuwamba na 2022, a taron Majalisar Ilimi ta Ƙasa, Ministan Ilimi na wancan lokaci, Malam Adamu Adamu, ya ba da umarnin a cire ilimin jima'i daga manhaja, bisa hujjar cewa wannan aiki ne na iyaye da cibiyoyin addini. Jama'a da dama suka yi ta tafi. To, madalla. Mu ɗauka an dawo mana da kayanmu, kamar yadda muka daɗe muna nema. Tambayar da masu tafin ba su tsaya sun amsa ba ita ce: da aka miƙo mana kayan, wa ya sa hannu ya karɓa? Uba nawa ne a Turaki, ko Sintali, ko Majidaɗi, ya koma gida a daren nan ya kira ɗansa mai shekara 13 ya ce, "Zo nan, yau ni zan koya maka abin da na hana makaranta ta koya maka"? Wanda ya hana a ba yaro tuwon maƙwabta, ai ya ɗauki alkawarin ɗora tukunya a gidansa.

Wani zai ce ai haka muka gada, iyaye da kakanni ba su san wannan zance ba. Wannan ƙazafi ne ga magabata. Gaskiya ne Bahaushe, da ma ɗan'uwansa Bafulatani mai fulako, sun gina katangar kunya tsakanin mahaifi da abin da ya haifa, har uwa ba ta iya kiran sunan ɗanta na fari. Amma al'adar da ta gina katangar ita ce kuma ta huda mata ƙofofi. Ta sanya wasa tsakanin kaka da jika, domin abin da ya yi wa uwa nauyi ya fita daga bakin kaka cikin raha. Ta tanadi gwaggo da inna da uwar ɗaki. Ta tanadi riƙo, inda yaro kan tashi a hannun wanda ba ya jin nauyinsa. Ta tanadi arwanka da tsofaffin da ke kewaye amarya tun daga sa lalle har zuwa kai ta ɗaki. Ɗa namiji kuma ana yi masa kaciya ne yana da wayonsa, shi da tsararrakinsa, su yi jinya a hannun manyan maza. Ko littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwar ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ya isa shaida cewa matan da suna tattauna waɗannan al'amura a tsakaninsu ba tare da inda-inda ba. Ba mu ce duk abin da tsofaffin nan suka koyar daidai ne ba, akwai camfi da kurakurai a ciki. Abin lura shi ne, akwai mai faɗa.

Yanzu ina waɗannan 'yan aike suke? Tun da aka ƙirƙiro Jihar Taraba a 1991 Jalingo ta zama babban birni, ta cika ta batse da ma'aikata da 'yan kasuwa da 'yan gudun hijira. Babban gida mai sassa-sassa ya ja baya, gidan haya mai ɗaki biyu ya maye gurbinsa. Kaka tana ƙauye, gwaggo tana wani gari, kaciya ta koma ta jarirai, arwanka kuwa mai kwalliya ta karɓe mata aiki. Wanda ya rage tare da yaro shi ne uba da uwa, wato su biyun da al'ada ta ɗaure wa baki tun farko. Gurbin da ya rage kuma ba ya zama fanko. Wayar hannu ta shige shi, tare da abokan majalisa da 'yan matan aji waɗanda su ma a duhu suke. Ɗan aiken nan sabo ba ya jin nauyin kowa, ba ya sallama, kuma har ƙarƙashin bargo yake bin yaro.

Masu fakewa da addini kuwa, su ne hujjarsu ta fi rauni. Littattafan farko da ɗalibi ke buɗewa a zauren malam a ƙasar Hausa da ƙasar Muri su ne Ahalari da Ashmawi da Iziyya, sai Risala. Ita Risala, Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya, wanda ya rasu a shekarar 996, ya bayyana tun a gabatarwarta cewa domin a karantar da yara ya wallafa ta. Mene ne a cikin babin da ya yi bayanin abubuwan da ke wajabta alwala da wanka? Maniyyi da maziyyi da wadiyyi, kowanne da kamanninsa da lokacin fitarsa. Haila da jinin biƙi da alamomin ɗaukewarsu. Mafarki, da kuma haddin saduwar da ke wajabta wanka. Fiye da shekara 1,000 ke nan malamin Malikiyya ya ga ya dace yaro ya san waɗannan kafin ya balaga, domin ranar da balaga ta zo ta same shi a shirye. Mu kuwa yau akwai malamin Islamiyya da in ya iso wannan babi sai ya karanta Larabcin da sauri, ya tsallake fassara, ya ce, "In kun girma za ku gane." Shin mun fi Ibn Abi Zaid kunya ne, ko kuwa mun fi shi tsoron Allah?

Tarihin sahabbai ma ya yanke wannan gardama. Ummu Sulaim ta je ta tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hukuncin macen da ta yi mafarki, aka kuwa ba ta amsa. Nana A'isha ta yabi matan Madina saboda kunya ba ta hana su neman sanin addini ba. Misalin da ya fi kusa da halinmu shi ne na Sayyidina Ali. Matsalar maziyyi ta dame shi, ga shi kuma surukin Annabi ne, nauyi ya hana shi tambaya da bakinsa. Sai ya tura Miƙdad ya tambayo masa. Kunyar suruki ta tsaya a matsayinta, tambaya ta isa, amsa ta dawo. Wannan shi ne tsarin da muka rushe rabinsa. A nan ƙasarmu kuma Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, a cikin Nurul Albab, ya yi kakkausan suka ga malaman da ke karantar da ɗaliban waje alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilcin hukunce-hukuncen tsarki da salla. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, tana tura jajoji ƙauyuka su kai wa mata ilimi har ɗakunansu. Su ma 'yan aike ne.

Kada a ɗauka ana neman a yi watsi da sakaya ne. Harshen Hausa ya yi arziki da ita: saduwa, tarawa, kwanciyar aure, juna biyu, sauka, fashin salla. Alƙur'ani mai girma ya yi amfani da kinaya a wannan fage, haka ma Attaura da ke kiran saduwar miji da mata "sani". Sai dai sakaya yare ne na waɗanda suka riga suka san abin da aka sakaya. Idan dattijo ya ce wa dattijo "ta sauka", dukansu sun san ba daga mota ba ne. Hannunka mai sanda yana amfani ne ga wanda ya san sanda. Idan ka miƙa wa yarinya 'yar shekara 11 kalmar "taɓawa" ba tare da fassara ba, ka ba ta makulli ne ka ɓoye mata ƙofar.

Dubi abin da wannan kalma ɗaya take haifarwa. Yarinya ta farko ta gaskata ta yadda aka faɗa, sai ta kwana tana kuka don kafaɗarta ta gogi ta wani a cikin Keke Napep. Ta biyu mai wayo ce, ta lura an taɓa ta sau goma ba ta yi ciki ba, sai ta yanke hukuncin cewa duk gargaɗin uwarta tatsuniya ne, ta zubar da shi gaba ɗaya. Ta uku ita ce abin tausayi. Wani babba da ta sani, ta kuma saba gaishe shi a durƙushe, ya yi mata abin da ba ta san sunansa ba. An koya mata cewa laifin taɓawa na wadda aka taɓa ne, an kuma koya mata cewa ambaton wannan wuri rashin kunya ne, saboda haka sai ta yi shiru. Shirun nan yana da farashi da likitoci suka sani: maganin da ke hana ƙwayar ƙanjamau kama jiki bayan fyaɗe dole a fara shan sa cikin awa 72, in an wuce haka an makara. A gaban alƙali ma "ya taɓa ni" ba ta isa hujja ba, sai an fayyace abin da ya auku. Mugu ya san duk wannan, shi ya sa ya fi kowa son yaro mai kunya.

Wanda yake ganin wannan zuzutawa ce, ga alƙaluma. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a 2014 ya nuna cewa mace ɗaya cikin 4 da namiji ɗaya cikin 10 sun gamu da cin zarafi ta wannan fuska kafin su cika shekara 18. A lura da yara mazan nan, waɗanda muke zaton ba su bukatar ko jimla ɗaya. Babban binciken ƙanjamau na ƙasa na 2018 ya sanya Taraba cikin jihohi biyar da cutar ta fi yawa a cikinsu. A watan Yuni na 2020 kuma gwamnonin Nijeriya suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe. Ruwa ba ya tsami banza.

Saura babbar hujjar masu adawa, wato faɗa wa yaro buɗe masa ido ne. Da farko dai, idon da waya ta riga ta buɗe ba ya jiran izinin kowa, abin da ya rage shi ne wa zai fara yi wa yaro fassarar abin da ya gani. Na biyu, nazarin da UNESCO ta tattara daga ƙasashe daban-daban, ta buga a 2009 ta kuma sabunta a 2018, ya nuna cewa koyarwa mai tsari ba ta gaggauta jefa matasa cikin saduwa, sau da yawa ma jinkirta ta take yi. Na uku, in da sanin hukuncin janaba yana lalata yaro, da almajiran Risala sun fi kowa lalacewa a ƙasar nan.

Akwai kuma wani ɓangare da shi ma ya cancanci bulala, wato 'yan bokon da ke ganin kunya ci baya ce, magani kawai a kwaso manhajar wata ƙasa a juye wa yaran Turaki kamar yadda take. Rikicin 2001 ya isa darasi. Abin da ya shigo gari bai yi sallama da masu gari ba, da shi da alherin da ke cikinsa tare ake kora. Iyaye suna da haƙƙin sanin abin da ake faɗa wa 'ya'yansu, da wanda ke faɗa, da kuma shekarun da ake faɗa. Tsananin waɗannan da shirun waɗancan wuri ɗaya suke kai yaro.

Mafita a hannunmu take, kuma ba ta bukatar kuɗin kowa. Uban da bakinsa ya yi nauyi, ya yi irin ta Sayyidina Ali, ya zaɓi kawu ko baffa ko malami amintacce ya ce, "Ga ɗanka nan, ka yi masa bayani." Uwa ta zaɓi gwaggo ko inna ko ma'aikaciyar jinya, kuma a yi haka kafin baƙon wata ya iso, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ƙaramin yaro ya san sunan al'aurarsa, ya san babu mai ikon gani ko taɓawa, ya kuma san in ya kawo ƙara ba za a doke shi ba. Malamin Islamiyya ya daina tsallake babin tsarki, a raba aji, malama ta ɗauki mata, malam ya ɗauki maza. Tun da Jalingo gari ne da Mumuye da Kona da Fulani da Hausawa da sauran ƙabilu ke haɗuwa a kan harshen Hausa, a masallaci da majami'a da kasuwa, duk abin da aka tsara da Hausa mai tsabta zai shiga gidan kowa.

A nan ne nauyi ya faɗo kan ɗalibai da malaman sashen Hausa. Yaro a yau yana tsakanin kalmomi iri uku: Larabcin da ba a fassara masa ba, Ingilishin littafin kimiyya da ba ya ji, da kuma ashariyar tasha. Masana Hausa sun zauna sun samar da Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi a 1990 domin a iya koyar da nahawu da adabi da harshen gida, Jami'ar Bayero kuma ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Waɗanda suka iya raɗa wa ɗafi da tsigalau suna ba za su kasa tsara ɗan littafi mai shafi 30 ba, wanda uwa za ta miƙa wa 'yarta, ko kawu ya karanta wa ɗan 'yar'uwarsa, ba batsa a ciki, ba kuma ƙarya. Marubutan ƙagaggun labarai da ke cika wannan mujalla su ma suna da rabonsu a aikin, domin labari ɗan aike ne da ba ya jin nauyin kowa, kuma ba ya ɓata wa kowa.

Jariri dai ba a kasuwa ake sayo shi ba, kuma yaron da aka faɗa wa haka zai gano gaskiya ko ba jima ko ba daɗe. Abin da ke hannunmu shi ne zaɓen bakin da zai fara jin ta daga gare shi. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. To, kunnuwan 'ya'yanmu a buɗe suke, a nemo mai faɗa. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu ƙarfin halin sauke amanarsu.